Ko Ya Daɗe, Ko Ya Ji Daɗi

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Wanda ya ba ni kai ya karɓi abinsa. Nasa muke, kuma wurinsa za mu. Na san haka, na faɗa da bakina a gaban masu zuwa gaisuwa har muryata ta dushe. Amma jikina bai yarda ba tukuna, ɗana. Ina wannan rubutu ina tsayawa, ina duban ƙofa.

Shekararka talatin da huɗu. Ba ka kwanta ciwo ba, ko ciwon kai ba ka ambata ba. Da safe ka shigo ka gaishe ni, ka sha shayi a tsaye kamar yadda ka saba ina yi maka faɗa, ka rataya jakar kayan aikinka ka fita. Can wayata ta yi ƙara. Na sa tabarau na karanta: "Na isa lafiya Inna." Na yi hamdala, na ajiye wayar, na ci gaba da tsintar shinkafa. Saƙon yana nan har yau. Ban share ba, ban kuma iya sake buɗe shi ba.

Ban gama tsintar ba Mai Walda ya yi sallama, abokinka da shagonsa ke manne da naka. Ban taɓa ganinsa babu baƙin gilashin nan a goshinsa ba sai ranar. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hannu.

"Inna, Baba yana ciki?"

Na ce, "Me ya sami hannunsa?" Domin tun ranar da ka fara kafinta nake jiran a zo a ce min zarton lantarki ya ci maka yatsu.

"Ba hannu ba ne, Inna."

"To mota ce?"

"Ba mota ba ce."

Sai ya durƙusa a ƙasa, ƙato guda, ya rufe fuska. Tiren shinkafar yana kan cinyata. Na tuna na ajiye shi a hankali don kada ya zube. Har yanzu ina mamakin wannan, yadda hankalina ya tsaya a kan shinkafa.

Likitoci sun ce zuciyarka ce ta tsaya. Zuciya. Babu abin da ban ji maka tsoro ba a duniyar nan. Na hana ka wanka a kogi. Na hana ka babur, ka girma ka yi aure kana hawan keke abokanka suna maka dariya. Na ji tsoron titi, da wayar wuta, da sauro, da abokan banza, da ƙashin kifi. Na tsare kowace ƙofa da na sani, ashe abin yana cikin ƙirjinka, kana shiga da shi kana fita da shi, yana zaune da mu muna cin abinci.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, duk gidan nan mun san akwai mai mutuwa a cikinmu. Mun yi makonni muna shirin rabuwa. Amma ba kai muke kallo ba. Karenka muke kallo.

Na san wasu za su karanta su ce wace irin uwa ce ke ta'aziyyar ɗanta tana sako zancen kare. Su yi haƙuri. Ba zan iya ba da labarinka in tsallake Ƙusa ba, domin wanda ya san yadda ka riƙe dabbar nan ya san ka.

Sama da shekara goma ke nan ka shigo da shi cikin kwali. A bayan shago ka tsince shi, cikin guntayen katako, ɗan kwikwiyo siriri mai ƙaton kai, shi ya sa ka sa masa Ƙusa. Na leƙa kwalin na ja da baya. Na ce ko ni ko shi a gidan nan. Ka ce, "Inna, ke ce mai gida, shi mai gadi ne, ai ba ku haɗa muƙami ba." Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace min. A ƙarshe muka yi iyaka. Daga famfon tsakar gida zuwa ƙofar waje nasa ne. Daga famfo zuwa ciki, inda butata da tabarmar sallata da kwanonina suke, nawa ne. Ban san yadda ka koya masa ba, amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa tsallake famfon nan ba. Ko nama aka yar a ɓangarena, sai dai ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafa yana kallonsa. Ni ma ban taɓa tsallakawa na taɓa shi ba. Mun zauna lafiya, kowa da mutuncinsa.

Kai ka koya min wannan rubutu da nake yi maka ta'aziyya da shi. Na haura hamsin ban san harafi ko ɗaya ba. Dalilin koyon ma tsoron nan nawa ne. Kullum in ka fita sai na kira ka in ji ko ka isa, kai kuma ƙarar inji ba ta barin ka ji waya. In na kira ba ka ɗauka ba, kafin a jima na yafa mayafi na kama hanya. Wata rana ka tarar da ni a bakin titi ina haki, ka riƙo hannuna ka dawo da ni gida, ka ce, "Inna, ɗaya za a yi. Ko in bar aiki in zauna riƙon waya, ko ki koyi karatu in riƙa aiko miki saƙo."

Ba ka saya min littafi ba da farko. Guntayen katako kake kawowa daga shago, masu santsi, ka zaro fensirin da ke bayan kunnenka ka rubuta manya-manya. Bayan la'asar muke zama, ni a ɓangarena, kai a kan bakin famfo, Ƙusa a bayanka. Kana ce min ɗalibata, ina ce maka Malam, har sunan ya bi ka. Ba zan manta ranar haruffa masu ƙugiya ba. Ka rubuta kalma biyu, ni ban ga bambancinsu ba. Ka nuna ta farko ka ce, "Wannan mai ƙugiya a ka ita ce Ƙusa, karenki." Na ce ba karena ba ne. Ka nuna ta biyu ka ce, "Wannan marar ƙugiya kuma kusa, wato inda ba kya so ya zo." Tun daga ranar ban sake rikita su ba. Ka ce min in riƙa lura, harafi ɗaya yakan juya magana gaba ɗaya. Na yi ta rubuta haruffa a juye kamar suna gudun gida, kana dariya har da hawaye, amma ba ka taɓa yin dariyar da ta sa na ji kunya ba. Ranar da na karanta "Na isa lafiya" da kaina, ba tare da na kai wa kowa waya ba, na zauna na yi kuka kamar yarinya.

Alherinka a kaina na sani. Kujerar nan da ka yi min da gwiwoyina suka fara ciwo, mai ɗan tsayi da maƙali a gefe, a kanta nake zaune yanzu. Sandar babanka kai ka sassaƙa, ka ce masa ta ado ce don kada ya ƙi riƙewa. Amma wanda ka yi a waje sai da ka tafi na ji. Tsohuwar nan ta ƙarshen layi, wadda 'ya'yanta suka yi nisa, ta zo tana dafa bango ta ce ƙofarta ta shekara ba ta rufuwa, wata safiya ka zo ka gyara, da ta yi zancen biya ka ce mata sabuwar guduma kake gwadawa. Wani malamin makaranta ya ce duk hutu kake zuwa ka ɗaure musu bencinan da suka karye. Wani mutum mai ƙafa ɗaya, ban taɓa ganinsa ba, ya ɗaga sandunansa biyu ya nuna min, ashe aikin hannunka ne. Ina zaune ina karɓar gaisuwa ina jin labarin wani mutum da na haifa, ban gama saninsa ba.

Wata uku da suka wuce Ƙusa ya fara ɗingishi. Muka ɗauka ƙaya ce ko targaɗe. Sai ƙafarsa ta gaba ta dama ta kumbura, ƙari ya fito mai tauri kamar dutse. Da, kullum tare kuke tafiya shago, kana kan keke yana binka a guje. Da ƙafar ta yi tsanani dole ka riƙa barinsa a gida, yana raka ka da ido har ka sha kwana. Ka kai shi wurin likitar dabbobi, aka ɗauki hoton ƙashin. Ranar da ka dawo ba ka shigo ka gaishe ni ba. Ka zauna a bakin famfo, kansa a kan cinyarka, har na fito na same ka.

Ka ce ciwon daji ne, a cikin ƙashi. Ka ce Likita ta yi bayani mai tsawo, hanya biyu ce. Ta farko a yanke ƙafar daga kafaɗa, a bi shi da allurai masu ƙarfi na wasu watanni, waɗanda za su iya galabaitar da shi. Ba warkewa ba ce, amma zai iya ƙara kwana. Ta biyu a bar ƙafar, a riƙa ba shi maganin kashe raɗaɗi, ya ci abin da yake so, ya kwanta inda yake so, har lokacinsa ya yi, kuma lokacin ba zai yi nisa ba. Da ka ga ban gane sosai ba, sai ka jawo guntun katako kamar da, ka zaro fensir ka rubuta kalma biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ka ce, "Ɗalibata, karanta."

Na karanta. Daɗe. Daɗi.

Ka ce, "To shi ke nan maganar. Ko ya daɗe, ko ya ji daɗi. Likita ta ce da wuya ya sami duka biyun."

Na ce harafin ƙarshe ne kawai ya raba su. Ka ce, "Shi ne ya hana ni barci."

Ni a lokacin abin bai yi min wuya ba. Na ce tsoho ne, a bar dabba ta huta, yaushe aka fara yi wa kare tiyata? Ka yi ta juya abin a ranka, da safe ka ce wannan, da yamma ka ce wancan. Ka yi masa ɗan gangare na katako a bakin ɗakinsa don kada ya yi tsalle. Ka riƙa ɓoye ƙwayar magani cikin hanta. Wata rana na ji kana ce wa matarka, "In na sa an yanke, ban sani ba ko don shi na yi ko don ni. In na ƙi, ban sani ba ko tausayi ne ko gudun ɗawainiya." Likita ta ce kada a ja lokaci. Ran Litinin da yamma ka ce min Alhamis za ka je ka ba ta amsa. Na ce wace amsa? Ka yi murmushi ka ce, "Ke dai ɗalibata, bari Alhamis ta zo."

Alhamis ta zo ta same mu a kan tabarma, gida cike da mutane.

Kwanakin farko ban tuna da Ƙusa ba, ban tuna da kaina ba ma. Sai da mutane suka fara raguwa na fito tsakar gida na gan shi. Yana kwance ya fuskanci ƙofar waje, abinci a gabansa ƙudaje na bi. Duk keken da ya wuce sai ya ɗaga kai, ya saurara, ya mayar. Na tsaya a bakin famfo ina kallonsa. Na ga a duk gidan nan ni da shi ne ba mu yarda ba. Kowa ya karɓa, mu biyu muna jiran ƙarar keke.

Daga nan na juye. Ni da na ce a bar dabba ta huta, sai na ji in karen nan ya mutu ka sake mutuwa. Gashinsa yana ƙamshin katako irin na rigunanka. Kunnuwansa sun san fitonka. Na nemo guntun katakon nan, na kai shi hasken rana, na juya gaba na juya baya, ko ka ja layi a ƙarƙashin ɗaya, ko ka ɗiga wata alama. Babu komai. Kalma biyu ne kawai da rubutunka. Na tambayi matarka, ta share hawaye ta ce, "Wallahi Inna bai tsayar ba. Ran Lahadi ya ce a yi aikin, ran Litinin ya ce a'a, kafin ya kwanta ya ce bai sani ba. Duk abin da kika zaɓa shi ne." Na je wa babanka da maganar, ya dube ni ya ce, "Mun binne mutum, ke kina zancen kare." Na juya na fito. Washegari da safe na hango shi ta taga ya durƙusa da sandarsa a gefe, yana tura ƙwayar magani cikin hanta yadda ya ga kana yi.

Matarka ba ta fita, babanka ba ya iya doguwar zirga-zirga, sai ya zama ni ce mai zuwa wurin Likita. Mai Walda ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya, ya shimfiɗa tsohon bargo a baya, ya ɗauki Ƙusa kamar jariri ya kwantar.

Ban taɓa shiga asibitin dabbobi ba. Ɗaki ne fari mai warin magani, da teburin ƙarfe a tsakiya, fanka na juyawa, wata kyanwa tana kuka cikin keji. Likita yarinya ce ƙarama, ba ta kai ka shekaru ba. Ta riƙe hannuna ta yi min gaisuwa, idonta ya kawo ruwa. Da aka ɗora Ƙusa a kan teburin sai jikinsa ya ɗauki rawa, faratansa suna ƙara a kan ƙarfen, ya saki fitsari. Yana ta waige-waige. Na san wanda yake nema.

Ban bari ta fara magana ba. Na ce, "Ki yanke. Ki yi masa allurar, ki yi duk abin da ake yi."

Ta ce to, amma bari ta sake ɗaukar hoto. Da ta dawo ta ɗaga shi a gaban fitila, ta nuna min wasu fararen ɗigo a wajen ƙirji. Ta ce, "Mama, zan iya yi. Karnuka da yawa suna tafiya da ƙafa uku, har su yi wasa. Amma shi ya tsufa, ƙafafunsa na baya ma sun gaji, kuma ga shi ciwon ya fara taɓa huhu. Wataƙila ya ƙara wasu watanni. Da yawa daga cikin kwanakin a kan hanyar ɗakin nan zai yi su."

Na ce, "Ɗana bai gaya miki wanda yake so ba?"

"Tambayoyi kawai yake yi min, Mama. Ta ƙarshe da ya yi, cewa ya yi shi karen zai san don me aka cire masa ƙafa?"

"Ke wanne za ki zaɓa?"

"Ba nawa ba ne. Amma ko wanne kika ɗauka, ba zalunci kika yi ba."

Sai raina ya ɓaci, ba da ita ba. Na ce, "Ɗana ya tafi ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni, da na ce a yanke duk abin da za a yanke a bar min shi. Wannan an tambaye ni, kuma in sake shi da hannuna?" Ba ta yi musu ba. Ta duba kwanakinta ta ce in kawo shi ran Asabar da safe, kada ya ci komai kafin nan.

A hanyar komawa Mai Walda ya ce in yi haƙuri, zai tsaya shago ya ɗauki wani abu. Ban so ba. Rabona da shagonka an daɗe, domin ƙarar injinan nan tana sa gabana faɗuwa, in na zo sai in tsaya daga waje in kira ka. Tun kafin mu sha kwanar layin na ji motsi a baya. Na waiga, Ƙusa ya miƙe zaune, hancinsa a sama. Motar na tsayawa, kafin Mai Walda ya zagayo, ya sulalo ƙasa da kansa. Karen da ya yi kwanaki sai an ɗaga shi. Ya yi tsalle-tsalle da ƙafa uku har bakin shagonka ya tsaya yana kaɗa wutsiya. Mai Walda ya dube ni. Na ce ya buɗe.

Ƙamshinka ne ya fara tarbata. Ƙusa ya shige, ya shinshina ko'ina, ya leƙa bayan katakai. Na ɗauka in bai gan ka ba zai yi kuka. Bai yi ba. Ya shiga ƙarƙashin bencin aikinka, inda dusar katako ta taru, akwai wani ɗan rami daidai jikinsa. Ya zagaya ya kwanta, ya sauke wani dogon numfashi. Mai Walda ya gutsuro burodi da ɗan nama daga abincin ranarsa ya miƙa masa, ya cinye ya lashe baki. Kafin a jima ya yi barci, babu nishin nan da muka saba ji.

Na zauna a kan wani akwati ina kallon wurin. Rediyonka yana rataye. Kofin shayinka yana kan taga. Ga ɗan teburin karatu da ka fara yi wa 'yarka, ƙafa uku a haɗe, ta huɗu a jingine. A jikin bango, sama da inda kake tsayawa, ka kafa guntayen katakon da na fara rubutu a kai, da haruffana masu gudun gida. Ban san ka ajiye su ba.

Sai a lokacin na iya tambayar abin da na kasa tambaya tun ranar. Na ce wa Mai Walda ya gaya min yadda aka yi, kada ya rage komai.

Ya ce, "Inna, yana goge katako ne yana waƙa da muryar nan tasa. Na leƙo na ce, Oga Katako, ka tausaya wa maƙwabta mana, ƙarfe ma narkewa yake don takaici. Ya ce in ba na so in kai ƙara wurin Inna. Yana dariya, ina dariya. Cikin dariyar ya dafa benci ya zauna a ƙasa, daidai nan. Na ɗauka wasa yake. Wallahi da murmushin a fuskarsa na ɗaga shi."

Tun da na haife ka addu'ata ɗaya ce, Allah ya raya min kai, Allah ya ja kwananka. Na so ka yi aikin ofis don babu zarto a ofis, ka ce min kai in ba ka shaƙi katako ba ba ka jin ka wayi gari. Ban ce na yi laifi ba. Uwa ce ni, haka aka halicce ni, kuma da za a dawo da kai gobe da na sake hana ka babur. Amma a shagon nan na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba. Ni ina can ina roƙa maka daɗewa, kai kana nan kana jin daɗi. Abin da na roƙa ba a ba ni ba. Abin da ka nema wa kanka ka samu, har numfashinka na ƙarshe.

Na dubi Ƙusa yana barci a cikin dusa. Na tuna rawar jikinsa a kan teburin ƙarfe. Shi bai san Asabar ba, bai san watanni ba. Ya san wurin nan, da burodin nan, da ƙamshin nan. Watannin da nake so in ƙara masa ni ce mai bukatarsu.

Na ciro waya na sa tabarau. Mai Walda ya ce in kawo ya kira min ita, na ce a'a, rubutawa zan yi, Malamina ya koya min. Na rubuta: "Likita a fasa aikin. A bar shi ya ji daɗi." Na tsaya a kan harafin ƙarshe ina dubawa har idona ya cika, don kada hannuna ya rubuta abin da zuciyata ke so. Sannan na aika.

Ban sani ba ko shi za ka zaɓa, ɗana. Wataƙila da Alhamis ta same ka da ka ce a yanke, kuma da ban ga laifinka ba. Da yana da ƙuruciya, da ciwon bai kai huhu ba, ni ma wataƙila da ban fasa ba. Har yanzu wani lokaci in na ga ƙafar ta ƙara kumbura sai in ce ko na yi gaggawa. Ka san halina. Amma na tsaya a kai.

Yanzu kowace safiya Mai Walda yana biyowa ya ɗauke shi zuwa shago, ya dawo da shi da yamma. Babanka ne mai ba da magani, kuma ba ya yarda kowa ya karɓe masa. Likita tana zuwa gida ta duba shi. Ta gaya min alamun da zan lura da su, ta ce ranar da magani ya daina kama shi ba za mu bar shi ya wahala ba. Na san ranar tana tafe. Wannan karon aƙalla an gaya min. Kujerar da ka yi min kuma na ɗauke ta na tsallake famfo da ita. A ɓangarensa nake zama da la'asar. Jiya ya jawo jiki ya ɗora kansa kusa da ƙafata, ban janye ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babanka, wanda ba ya kuka a gaban mutane amma ina jin sa. Ga matarka, 'yata, wadda ta riƙe ka da mutunci, Allah ya ba ta haƙurin da ya fi nawa, gidan nan gidanta ne. Ga 'yarka da har yanzu take tambaya yaushe za a gama teburinta, Allah ya raya ta ya albarkace ta. Ga yayyenka mata, da Mai Walda wanda ya zame min ɗa, da abokan aikinka, da duk wanda ka taɓa gyara wa ƙofa ka ce guduma kake gwadawa. Wanda ka ɓata wa, ina roƙa ya yafe maka. Ni ban riƙe ka da komai ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min yawan kira.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa ka yalwata masa shi. Ka sa tausayin da ya yi wa mutane da dabba marar baki ya tarbe shi. Ka sa kowane harafi da na karanta har ƙarshen raina ya zama lada a gare shi. Ka ba mu ikon ɗaukar abin da ka ɗora mana, ka kyautata namu ƙarshen.

Wannan karon ba za ka aiko min ka ce ka isa lafiya ba, sai dai in roƙa maka. Allah ya sa ka isa lafiya, Malamina. Ba ka daɗe ba. Allah ya sa kana jin daɗi.